Karatun Letar

Kalma guda ce ta kusa hana ni zuwa jami'a, kuma ni na furta ta da bakina, ina hura hanci.

Shekarun soja ne, ba a daɗe da sauya wa ƙasarmu suna ba. Kowa ya koma kamarad, tun daga mai mulkin gari har mai tura baro. Babana dai bai taɓa amsa wannan kira ba. In jandarma ya ce masa kamarad, sai ya waiga baya yana neman wanda ake nufi. Ni kuwa na gama lise, wato sakandare, a Paraku, na ci jarrabawar fita da ake kira baka, na kuma yi shekarar da soja suka ɗora wa duk mai son wucewa gaba: 'yan watanni ana koya mana taka ƙafa da riƙe bindigar da ba harsashi, sauran ina koyar da yara a Madécali. Daga can na dawo Malanville da sunan Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, da takalmi sau-ciki, da wata irin tafiya wadda har yau in na tuna ta sai kunya ta kama ni.

Ni ne na farko da ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a zuriyarmu kaf. Ba wai an hango wata basira ba ce. An zo neman yaro ɗaya daga gidan, aka duba, aka ga ni ne wanda rumfa ba za ta yi rashinsa ba. Mushen da ya rubuta sunana ya dube ni sama da ƙasa ya rage mini shekara biyu don in samu shiga, shi ya sa ga gemu yana tsiro amma a takarda ban kai ashirin da ɗaya ba. Wannan ragin shi ya ɗaure ni. Cikin takardun da jami'a ta aiko daga Kwatano akwai guda wadda sai uba ya sa hannu cewa ya yarda. In babu ita ba rajista, ba gado a ɗakin ɗalibai. Saura kwana ashirin da 'yan kai a rufe karɓa.

Babana albasa yake sayarwa, buhu-buhu, yana lodawa a kamyo, babbar motar kaya, zuwa kudu. Ƙarshen damina ne, lokacin albasar ajiya, wadda sai an yi ta juyawa ana tsince ruɓaɓɓu kafin ɗaya ta ɓata goma. Na same shi a rumfa bayan azahar yana wannan aiki, masu dako biyu suna kishingiɗe a kan buhuna.

Na ce, "Baba, takarda ta zo. An ɗauke ni Kwatano."

Bai ɗago ba. "Madalla. Mi za ka karantawa?"

A takardar an rubuta sunan sashen da Faransanci, sashen adabi da harshe. Ni na zaɓa da kaina, don tun ina ƙaramin aji ba abin da ke tsayar mini da rai kamar littafi da yadda magana take tafiya. Da na ce adabi, ko ilimin harshe, ko ma in ce karatun da ake zama babban mushe da shi, da tuni an wuce wurin. Amma a lokacin Faransanci ya fi mini zaƙi a baki. Sai na faɗi sunan yadda yake a takarda.

"Letar," na ce.

Hannunsa ya tsaya da albasa a ciki. "Letar?"

"Letar, Baba."

A Malanville letar ba ta da ma'ana biyu. Wasiƙa ce. Mai letar kuma ɗaya ne a garin, wani tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi, yana zama ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidan waya, da ɗan teburi mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne. Shi ke rubuta wa mutane wasiƙa da Faransanci, shi ke karanta musu in amsa ta zo. Bindiga ta taɓa masa kunne, saboda haka komai da ƙarfi yake karantawa, kamar mai shela.

Baba ya nuna wajen da haɓa. "Wancan na bakin posti, shekara nawa yay yi Kwatano?"

"Baba, ba irin wannan ba ce."

"Shekara goma sha ukku kana lakwal. Ka ƙara da ta soja. Yanzu kuma ukku ko huɗu bakin teku, dan ka dawo ka amshe ma tsoho teburi nai?"

Masu dako suka tuntsire da dariya, ni kuma jinina ya hau. Ina da zuciya tun ina yaro, kuma boko bai rage ta ba, sai ma ya ba ta kalmomi. Na shiga bayani rabi Hausa rabi Faransanci, ina jefo manyan sunaye, ina kaɗa takarda a iska. Da na ga ba ya ko kallona sai na faɗi abin da har gobe nake nadamarsa. Na ce, "Baba, kai ba za ka gane ba."

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye albasar a hankali cikin masu kyau.

"Gaskiya ta," ya ce. "Abin da ban gane ba kuwa, ban sa mai hannu. Ga duwan nan bisa gada, masu amsar harajin kaya, an ce suna ɗaukar masu baka. Wannan aikin na gane shi."

A gida na je wa Inna da kumburarren baki, na ce ko da yardarsa ko babu tafiya zan yi. Tana tankaɗen gari, ba ta fasa ba. Ta ce in na tafi ba da yardar ubana ba, kada in wahalar da kaina da aiko mata gaisuwa. Sannan ta dube ni ta girgiza kai ta ce, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba." Na kwana biyu ba na cin abinci sai in ba wanda ke kallo.

Waɗanda suka cece ni su ne waɗanda muke kira 'yan gaba. Ba su fi mutum goma ba, 'ya'yan masunta da manoma da 'yan kasuwa daga bakin kogi waɗanda suka riga mu zuwa karatu kudu, kowannensu shi ne na farko a gidansu. Sun sha wuya da suka isa can ba su san kowa ba, wani ma kwana uku ya yi a tashar jirgi, sai suka ce ba za a sake yi wa na baya haka ba. Da yake soja ba sa son ganin ɗalibai sun taru, a takarda ƙungiyar sharar kasuwa ce, kuma gaskiya duk hutu sukan yi sharar sau ɗaya don kada a ce ƙarya suke. Ainihin aikinsu kuwa shi ne su tari sabon ɗalibi a jirgi, su haɗa shi da wanda zai zama yayansa a can, ya nuna masa layin abinci da na rajista da inda ake Juma'a. Kafin duk wannan kuma akwai abin da suke kira zaman tabarma, wato su je gida su zauna da iyaye.

Zaman yana da ƙa'ida. Da tabarmarsu suke zuwa, don kada mai gida ya ɗauke su baƙin gwamnati ya shiga neman kujera. Ba sa riƙe takarda a hannu. Ɗalibin da aka zo dominsa kuma ba ya buɗe baki sai an ce ya buɗe. Wannan ta ukun ita ce ta fi ba ni wuya.

Mai jan ragamarsu ungozomar asibiti ce, 'yar Guéné, mace ta farko daga can da ta yi karatu a kudu. Kowa Madam yake ce mata. Rabin yaran garin a hannunta suka faɗo duniya, don haka ba ƙofar da ake rufe mata. Ta zo da wani ɗan masunta mai karatun noma, shekararsa ta uku, dogo mai sanyin magana, wanda aka ce shi ne zai zama yayana. Tun ranar nake ce masa Yaya.

Da Inna suka fara, da hantsi. Na ɗauka za ta tambayi aikin da ake samu bayan karatun, amma ko kusa. Ta tambayi abin da zan ci, Yaya ya ce masara da kifi, ta ce to ba zai mutu ba. Ta tambaya ko ana jin kiran salla, ya ce a zango ana ji. Sai ta murza bakin zane ta ce, "In Allah ya amshi abu nai can, wa za shi yi mishi wanka?" Na yi kamar in nutse don kunya, ina cewa a raina wannan wace irin tambayar ƙauye ce. Madam kuwa ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce kowace uwa tana tambayar wannan, kuma akwai limami a zangon Kwatano da suka yi magana da shi tun shekarar farko, ya ɗauki alkawari. Na ga kafaɗun Inna sun sauka.

Baba sai bayan la'asar, a zaure. Aka gaisa da Dendi, aka sake gaisawa da Hausa, aka tambayi kasuwa da ruwan kogi. Sannan Yaya ya fara bayani, kuma wallahi ya yi ƙoƙari. Ya ce sunan ne kawai ya yi kama, amma karatun na manyan littattafai ne, wanda ya gama shi yakan koyar a lise ko ya zauna a babban ofis. Baba yana gyaɗa kai yana cewa, "Hakanan na. Allah shi yi albarka." Duk wanda ya san Babana ya san in ya fara sa wa magana albarka to ya rufe ta ke nan. Ni ina gefe ina cizon leɓe.

Madam ta bar Yaya ya gama. Sai ta gyara zama ta ce, "Baba, ni tambaya gare ni. Mi mai letar yay yi maka?"



"Bai yi min komi ba," Baba ya ce. "Mutumen kirki na. Amma shekara bakwai yaron ga yana Paraku, shekara bakwai ina jin shi da bakin wani. In letar tai ta zo, sai in ɗauka in tai bakin posti in tsaya layi. Tsoho shi buɗe shi kwarmata ma kasuwa. Randa takalma nai sunka mutu, masu kihi sun ji. Randa yak kwanta asibiti kwana shidda, mai tura baro ya riga uwa tai sani. Ni kuma in ina son ce mishi wani abu, sai in zaɓi wanda ban damu kowa shi ji ba. Shi ya sa kullum 'muna lahiya, ka yi karatu' ɗai yaka samu. Shi kuwa yana tsammanin iyakar abin da ag gare ni ke nan."

Haka kuwa nake tsammani. Shekara bakwai ina karɓar layi biyun nan, ina ganin abokaina suna samun shafi cur daga iyayensu ma'aikata, ina cewa ni ubana ba shi da magana sai ta albasa. Zuciyata ta karye a wurin, kuma ba halin in ce komai.

Ya ci gaba. "Yanzu kun ce shi tai shi ƙaro wagga letar har shekara huɗu. Nisan kwana guda ban ji shi ba, ina ga na kwana biyu?"

Madam ta ce, "Baba, kai ba ka rubutu?"

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wata takarda a ninke ya miƙa mata. Wasiƙa ce zuwa ga dillalinsa na Paraku, da ajami, layi a miƙe kamar an ja da zare. Ya ce duk direban da ya ɗauki kayansa da takardarsa yake tafiya, shekara talatin ke nan. Na sani sarai. Tun ina yaro nake ganinsa yana yi. Ban dai taɓa lissafa shi cikin rubutu ba, a wurina wani abu ne da tsofaffin kasuwa ke yi, kamar ɗaurin buhu.

Madam ta juyo ta miƙo mini. "Mushe, yanzu an ba ka baki. Karanta muna."

Na karɓa. Na gane bisimilla a sama. Daga nan na tsaya. An cire ni daga allo ina ɗan shekara bakwai aka kai ni lakwal, baƙaƙen da na sani sun gudu sun bar ni, waɗanda suka rage kuma ba su yarda su haɗu su zama Hausa ba. Na juya takardar, na sake juya ta. 

Baba ya ce, ba da fushi ba, kamar mai faɗin farashin jiya, "Kowace shekara lakwal na aiko takarda in dangwala yatsa. Gaban sunana akwai kalma guda da hannun yaron ga. Ilitire. Tun shekarar hwarko tsoho yah hwassara min ita. Wai wanda bai da letar."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban sake ji ba. Yaya ya buɗe baki zai koma kan bayanin cewa letar ɗin jami'a daban ce, Madam ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Daga baya ta gaya mini cewa in iyaye suka yi wa kalma kuskure, ba gyaran kalmar ne aikin farko ba, sai an duba abin da ke ƙarƙashinta.

Ta ce, "Baba, saura kwana goma sha tara a tahi. Ga ɗalibi, ga malam."

Ya ce, "Madam, ba a hwahe gora ranar tahiya."

"Ai ba yau ta tahiyar ba."

Ya dube ta, ya dube ni, ya karɓi takardarsa ya mayar aljihu. "Mu gani," ya ce. Bai yi alkawarin komai ba, suka naɗe tabarmarsu.

Washegari bayan azahar na je rumfa na tarar ya yayyanka takardar buhun siminti ya jera, ga tawada a ɗan kwalba, ga alƙalamin kara ya feƙe. Haka muka fara, kullum daga azahar zuwa la'asar, lokacin da kasuwa ke gyangyaɗi. Na cire sau-ciki na zauna a ƙasa. Masu dako suka samu abin yi: duk wanda ya wuce sai su ce masa ya yi a hankali, Mushe ya koma aji ɗaya. Na haɗiye, don ba ni da bakin ramawa.

Hannuna ne babban abokin gaba. Shekara goma sha huɗu yana tafiya daga hagu, da na ɗan yi sake sai ya koma can da kansa. Baba ba ya duka, amma bakinsa ya fi bulala. In na ja harafi ya karkace sai ya tambaya ko ƙugiyar kamun kifi nake zanawa. In na yi daidai kuwa ba ya cewa komai, sai dai ya miƙo wata takardar. Ni da na saba mushe yana karanta aikina a gaban aji ana tafi, sai ga ni ina satar kallon fuskar mai albasa ko zan ga alama, ban gani ba ko sau ɗaya.

Baƙaƙen ba su daɗe ba suka dawo. Wasula ne suka so kashe ni. A kwana na tara ya ce in rubuta wa dillalinsa wasiƙar gaske, yana faɗa ina rubutawa. Cikin maganar akwai cewa albasar da ta rage ta rabu, wato masu saye sun kwashe, kada ya jira wata. Ba da ɓa harafi ɗaya ne a ajami, wasali ne ke nuna hanya. Ni kuma na musanya su, na ɗora rufu'a a kan ra, na sa wasali bisa a kan ba. Ya karɓa ya karanta a fili: albasar da ta rage ta ruɓa. Ya sake karantawa. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, har hawaye, masu dako suna taya shi ba su ma san dalili ba.

"Da wagga ta tahi," ya ce yana share ido, "da gobe Paraku kaf an ce na karye. Mai baka! Wasali biyu sun kada ka."

Ni ma na yi dariyar. Tun ranar da na ce masa ba zai gane ba, sai a ranar muka haɗa ido.

Daga nan ya sauya salo. Ya daina faɗa ina rubutawa, sai ya rubuta layi ya ba ni in karanta. Yawanci maganar yau da kullum ce, kamyo ya makara, ruwa ya ja baya, wane ya dawo daga Gaya. Wata rana ina bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, hankalina duk yana kan wasula, sai da na kai ƙarshe na ji abin da bakina ya faɗa: randa aka kai ka lakwal ban ci abinci ba. Na ɗago. Ya riga ya juya yana tsintar albasa, ya ce in wuce layi na gaba.

Kwana goma sha tara suka cika bai ce mini na yarda ba, bai kuma ce ban yarda ba. Inna dai tana ta soya nama tana daka yaji tana ɗaurewa, in na tambaye ta ko ya gaya mata wani abu sai ta ce ita ba 'yar aike ba ce. Ranar ƙarshe da safe Madam ta zo da takardar yardar, da ɗan akwatin tawadar dangwala yatsa da ta aro a asibiti. Ta buɗe ta ajiye a gabansa. Ya ture shi gefe da bayan hannu, ya ce ta ba shi bik ɗinta, wato bironta. Ya ɗora takardar a gwiwa ya juya mana baya. Wurin sa hannun ɗan ƙarami ne, amma ya daɗe yana rubutu, har na ji ya juya ta gefe don ya samu fili. Ya ninke da kansa, ya sa a ambulan, ya lashe ya manne, ya miƙa wa Yaya, ba ni ba.

"Ku tai da shi," ya ce. "Abin da nir rubuta, can za a ji."

Haka na bar Malanville, a saman buhunan albasarsa, ban san abin da ke cikin ambulan ba. Rabin zuciyata na cewa mutum ba zai ɓata kwana goma sha tara a kan wanda zai hana ba. Ɗaya rabin kuma ya san Babana, ya san zai iya barina in je har bakin teku in ji a'a, in dawo da hankalina. Daga Paraku muka hau jirgin ƙasa. Sau biyu na roƙi Yaya ya bari mu ɗaga ambulan a rana ko za mu hango wani abu, ya ce amana aka ba shi.

'Yan gaba huɗu suka tarye mu a tasha, suka karɓe mini kaya, suka ba ni tabarma a ɗakinsu. Da safe Yaya ya kai ni layin rajista. Mun fi awa uku a tsaye kafin mu isa taga. Ma'aikacin wani mutumin kudu ne mai tabarau, ba mugu ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya bi takarduna ɗaya bayan ɗaya, ya yage ambulan, ya buɗe, ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa.

Ya ce da Faransanci, "Kamarad, wannan zanen mene ne? A takardunka an rubuta uba ilitire ne. Ina yatsa?"

Yaya ya matso ya raɗa mini a kunne cewa kada in ja magana, mu fita mu karɓi sabuwar takarda in dangwala nawa yatsan, ba wanda ke dubawa, da yawa haka suke yi. Ba zan yi ƙarya ba, na so in bi shi. Taga za ta rufe da azahar, gobe kuma ita ce ranar ƙarshe. Amma zuciyar nan tawa ta taso, kuma ina jin a rayuwata wannan ne karo na farko da ta taso a inda ya dace.

Na ce, "Ba zane ba ne, rubutu ne. Ubana ya iya rubutu. Waccan kalmar ni na rubuta ta, kuma kuskure ne." Na zaro bik na ja mata layi a gabansa.

Ya dube ni ta saman tabarau. Na baya sun fara gunaguni. Ya turo takardar ta ƙarƙashin taga ya ce, "In rubutu ne, karanta."

Na ɗora yatsa a gefen dama. Na bi baƙaƙen a hankali, ina kiyaye kowane wasali, na karanta a fili da Hausa:

"Ni uban yaron ga na yarda shi koyi letar taku. Ta gida ya riga ya iya, ni nik koya mishi, kwana goma sha tara. Ban taɓa ganin kai mai kyau irin nashi ba. Ku riƙe min shi da kyau."

Ma'aikacin ya ce, "To, me yake cewa?"

Na buɗe baki in fassara, ni mai baka, ni da Faransanci ke yi wa zaƙi, sai na kasa fitar da ko kalma ɗaya. Yaya ne ya fassara masa. Ni dai na riƙe bakin taga da hannu biyu ina kuka a gaban layin gaba ɗaya, har na ji ƙarar hatimi.